Kundi Ba Shi Ne Ma'aunin Waƙar Hausa Ba: Martani Ga Mai Jerin Kundaye Goma

A wata maƙala da ta fito kwanan baya, wani marubuci mazaunin birnin Katsina ya jera kundayen waƙoƙin Hausa guda goma waɗanda ya ce su ne suka fi kwanta masa a rai, kuma su ne yake ganin sun cancanci mai sauraro ya zauna ya ba su kunnensa. Abin da yake nufi da kundi shi ne abin da masu sana'ar ke kira albam, wato tarin waƙoƙin da mawaƙi ya tsara, ya shiga ɗakin ɗaukar sauti ya rera su, sannan ya sake su gaba ɗaya a rana guda ƙarƙashin suna guda. Dukkan kundayen da ya zaɓa na mawaƙan zamani ne, irin su Aminu Ala da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita da Hamisu Breaker, kuma wannan martani ba shi da jayayya da ko ɗaya daga cikinsu, domin mutane ne da suka yi aiki, jama'a kuma suka karɓi aikinsu. Jayayyar tana kan dalilan da marubucin ya kawo na fitar da makaɗan baka daga jerinsa baki ɗaya. Ya ce ba su bar kundi ba, sai tarkacen kaset marasa tsari. Ya ce waƙoƙinsu maimaici ne da roƙo. Da ya ga kuma za a iya ƙalubalantarsa, sai ya rufe ƙofa da cewa zaɓin waƙa son rai ne, kowa da abin da yake so. Mutum yana da ikon son abin da ya ga dama, amma da zarar ya kafa hujja a bainar jama'a don ya kore wani abu, hujjar ta zama ta kowa, kuma dole a auna ta.

Hujjar farko ita ce ta fi rauni, ko da yake ita ce marubucin ya fi dogaro da ita. Kundi ba wani matsayi ne na fasaha da mawaƙi ke kaiwa idan ya ƙware ba. Tsari ne da na'ura da kasuwa suka haifar. Tsohon faifan garmaho galibi ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai a kowane gefe, shi ya sa waƙoƙin da aka ɗauka a kansa suka zama gajeru, ko a Turai ko a Afirka. Sai a shekarar 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da faifai mai dogon zango, wanda kowane gefensa ke ɗaukar minti ashirin da wani abu, daga nan ne kamfanoni suka fara buƙatar mawaƙi ya haɗa waƙoƙi takwas ko goma ya cika faifai, aka kuma saba da sayar da su a dunƙule. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1963, ya ƙara tsawon lokacin, ya kuma sauƙaƙa kwafi. Saboda haka wanda ya ce waƙar da ba ta zo cikin kundi ba ba ta kai a saurara ba, ya ɗauki girman mazubi ya mai da shi ma'aunin abin da ke ciki. Ban da haka ma maganar cewa makaɗan baka ba su bar kundi ba, ba daidai take ba ko ta fuskar tarihi, domin kamfanin EMI ya buga faya-fayan Alhaji Mamman Shata a Najeriya, an kuma sayar da su a kasuwa da hotonsa a bango kamar na kowane mawaƙi.

Sai dai ba a nan gizo yake saƙar ba. Ko da Shata bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar sauti ba, hakan ba zai rage masa komai ba, domin waƙar baka ba ta rayuwa a irin yanayin da marubucin yake nema. Masana wannan fanni, musamman Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero da ke Kano, sun bayyana cewa waƙar baka tana da gindi, wato 'yan kalmomin da ake kafa waƙar a kansu waɗanda 'yan amshi ke maimaitawa, tana kuma da ɗiya, wato rukunonin maganar da jagoran waƙa ke saƙawa tsakanin amshi da amshi. Gindi shi ne ke zaune. Ɗiya kuwa suna ƙaruwa, suna raguwa, suna sauya wuri, gwargwadon wanda ke zaune a gaban makaɗi da abin da ya faru tun bayan rerawar da ta gabata. Wannan ya fi fitowa fili a wurin Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, domin an san shi da ƙirƙirar waƙa nan take a tsakiyar taro, 'yan amshinsa ba su da aikin da ya wuce riƙe masa gindin waƙa, shi kuwa yana zuba ɗiya yadda suka zo masa. Abin da wannan ke nufi shi ne, waƙar da ya yi wa Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, ba waƙa ɗaya ba ce da za a ce an gama ta ranar kaza; rerawa ce da yawa a kan gindi ɗaya cikin shekaru masu yawa, wata a fada, wata a gidan rediyo, wata a wurin biki, kowace da mutanen da aka ambata a cikinta da labarin da ta ƙunsa. Mai sauraron da ya san abin da yake yi ba ya cewa yana son waƙar kawai, yakan faɗi wace rerawa yake nufi, kuma a majalisun dattawan Katsina har yau ana samun masu gardama kan wace ɗauka ce ta fi wata cika.

Wannan ba baƙon abu ba ne a duniyar kiɗa, kuma da marubucin ya leƙa waje kaɗan da ya gani. Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu a 1975, ta shafe shekaru tana yin wasa a ranar Alhamis ta farkon wata, gidan rediyon ƙasar yana watsawa kai tsaye, waƙa ɗaya takan kai awa guda saboda tana maimaita baiti tana sauya masa murya har sai masu sauraro sun ƙoshi, kuma masoyanta a ƙasashen Larabawa suna bambance rerawar wannan dare da ta wancan dare, suna fifita wata a kan wata. Babu wanda ya taɓa cewa ba ta cancanci a saurare ta ba don darajarta tana cikin wasan fili.

Daga nan maganar maimaici take warwarewa da kanta. Abin da marubucin ya ji ya kira maimaici shi ne amshi, kuma amshi yana da aiki: shi ne ke ba jagora sararin numfashi da tunani, shi ne ke riƙe karin waƙar kada ya karkace, shi ne kuma ke ba taro damar shiga cikin waƙar. Kunnen da ya saba da waƙar minti huɗu yana jiran sauyin sauti ne, shi ya sa yake gajiya. Kunnen da ya saba da waƙar baka kuwa magana yake bi, yana jiran yadda makaɗi zai fita daga kirari ya shiga tarihi, ya fita daga tarihi ya sako zambo, wato muzanta abokin hamayyar wanda ake yabo ta hanyar siffanta shi, ko habaici, wato sukar da ake yi a kaikaice ba tare da kama suna ba, sannan ya dawo kan gindi daidai lokacin da kiɗa ya kawo shi. Akwai kuma abin da ganga take faɗi. Kalangu, wanda asalinsa kiɗan mahauta ne kafin Shata ya fito da shi ya kai shi gaban sarakuna, ganga ce mai tsirkiyoyi da makaɗi ke matsawa a hammata yana sassautawa, sautin yana hawa yana sauka, kuma tun da Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu yana iya kwaikwayon magana har wanda ya san take ya gane wanda ake kira tun kafin a buɗe baki. Wanda bai san wannan ba zai ji ƙara ce kawai ake ta yi, alhali zance biyu ne ke tafiya a lokaci guda, na baki da na ganga.

Ya kamata a ƙara da cewa makaɗan baka ba salo ɗaya suke bi ba, kuma jefa su duka cikin kwando ɗaya da marubucin ya yi shi ne babbar alamar cewa bai saurare su da kyau ba. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa na Isa da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru sukan tsara waƙarsu tun a gida tare da mataimakansu, 'yan amshinsu kuma ba maimaita gindi kawai suke yi ba, sukan karɓe magana daga bakin jagora su ƙarasa ta, wani lokaci su yi ƙari a kanta, abin da ba ya yiwuwa sai da bita mai tsanani. Idan tsari da shiri ne marubucin yake nema, ga su nan a wurin da ya ce babu su. A cikin birnin Katsina kansa, Muhammadu Sarkin Taushin Katsina ya yi wa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1981, waƙoƙi da taushi, wato ƙaramar gangar fada mai baki ɗaya da ake kaɗawa da hannu, kuma abin takaici ne a ce wanda ke zaune a garin da ake hawan salla daga Ƙofar Soro ya rubuta jerin waƙoƙin da suka cancanci saurare bai ko ambaci wannan makaɗi ba. Haka nan Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta ɗauki kiɗan amada, wanda mata ke yi da ƙwarya a cikin gida, ta faɗi abin da matan aure ke faɗa wa junansu game da kishi da sana'a da neman na kai, da harshen da babu namijin mawaƙin da zai iya aronsa. Cire ta daga jerin ya cire muryar rabin al'umma.

Zargin roƙo ya fi sauran nauyi, kuma bai dace a kawar da shi da wasa ba. Gaskiya ne mafi yawan waƙoƙin Shata yabo ne na sarakuna da attajirai da 'yan kasuwa da direbobi, gaskiya ne kuma ana ba shi kuɗi da riguna da dawaki da motoci, shi ma bai taɓa ɓoye hakan ba, a cikin waƙar yake lissafa kyautar da wanda ya bayar. Amma tambayar da ta kamata a yi ita ce, wane mawaƙi ne yake rayuwa ba da mai ɗaukar nauyinsa ba? Mawaƙan zamani suna yi wa amare da angwaye waƙa a biya su, suna yi wa masu sarauta, suna yi wa 'yan siyasa, kuma Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Ɗanja a wannan jiha ta Katsina, ya yi suna ne da waƙoƙin siyasa tun zaɓen 2015. Wannan ba aibi ba ne a kansu, ci gaban tsohuwar al'ada ce da sababbin kayan kiɗa. Idan karɓar kyauta yana zubar da darajar waƙa, to jerin marubucin ma ba zai tsira ba. Abin da ake dubawa shi ne me mawaƙi ya yi da yabon, kuma a nan ne makaɗan baka suka yi zarra, domin yabonsu taskar tarihi ce: a cikinsa ake jin jerin iyaye da kakannin wanda ake wa waƙa, da garuruwan da ya mallaka ko ya yi fatauci, da sunayen barorinsa da abokan cinikinsa, mutanen da babu wani littafi da ya rubuta su. Waƙar Sarkin Bori Sule da ta Umaru Ɗanɗanduna sun adana mutanen da ba don Shata ba da yanzu an manta da su. Dalilin da ya sa ke nan Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975 kan matsayin Shata a cikin al'umma, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa kuma suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah a 2006. Ba a yi wa tarkace irin wannan hidima.

Kuma ba yabo kaɗai ba ne. Lokacin da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a watan Yulin 1969, Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, ya kawo labarin da ya girgiza duniya cikin harshen da manomi a Musawa zai fahimta. Ɗanmaraya Jos, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya yi waƙar karen mota, ya tsaya wa yaron da kowa ke rainawa a tasha. Ɗan'anace ya mai da damben Shago abin da ake ji a jiki ko ba a je fage ba. Mai neman abin saurare da gaske zai amfana ƙwarai idan ya ɗauki Bakandamiyar Narambaɗa da Bakandamiyar Shata ya saurare su a jere, domin bakandamiya ita ce waƙar da makaɗi ke yi wa kansa kirari yana nuna iyakar gwanintarsa, kuma a nan ne bambancin mutanen biyu yake fitowa sarai: ɗaya yana gina magana a hankali cikin nauyin harshen fada da karin Gobir, ɗayan yana kwararo ta da ƙarfin hali da zafin nama. Sa'a guda a kan waɗannan biyun tana koya wa mutum abin da ake nufi da salo fiye da dogon bayani.

Saura maganar son rai. Babu mai musun cewa zuciya tana da abin da take so, kuma saurayin da waƙar Hamisu Breaker ta kama shi a 2020 ba ya buƙatar izinin kowa kafin ya so ta. Waƙar zamani ta kawo abubuwan da waƙar baka ba ta ba su fili sosai ba, musamman zancen soyayya tsakanin saurayi da budurwa a matsayin turke mai zaman kansa, wato babban jigon da waƙa ke tafiya a kai, ta kuma kawo tsabtar sauti, sannan a hannun irin su Aminu Ala ta haɗa tsarin rubutacciyar waƙa mai ƙafiya da kayan kiɗan zamani. Wanda duk ya ce babu abin saurare a cikinta ya yi irin kuskuren marubucin ne ta ɗaya gefen. Amma so daban, hukunci daban. Marubucin bai tsaya kan cewa ga abin da yake so ba, ya ce ga abin da ya cancanta, ya kuma ce wancan bai cancanta ba, kuma wannan hukunci ne da ke buƙatar sani. Son rai ma tarbiyya yake samu: yaron da ya tashi bai taɓa jin an zauna an fassara masa zambon da ke cikin waƙar fada ba, ba zai so ta ba, ba don ba ta da daɗi ba sai don an bar shi a waje. Marubucin da matasa ke karantawa, idan ya gaya masu cewa babu komai a can, ya ƙara rufe masu ƙofar da ya kamata ya buɗe.

Akwai wuri ɗaya da kokensa yake da tushe, ko da yake ya ɗora laifin inda bai dace ba. Gaskiya ne wanda ya je wurin masu tura waƙa a waya a babbar kasuwar Katsina ko a bakin tasha ya ce a zuba masa Shata, abin da zai samu tari ne na sautuka marasa kwanan wata, wasu an yanke farkonsu, wasu an lanƙaya masu sunan da ba nasu ba, wasu an kwafe su daga kaset zuwa kaset har murya ta dusashe, wani lokaci ma a tarar da waƙar wani makaɗin a ciki. Wannan gazawar masu adanawa ce, ba ta makaɗa ba. Gidan Rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1962, ya ɗauki makaɗan nan shekara da shekaru, gidajen rediyon jihohi ma sun ɗauka, kuma akwai mutane masu zaman kansu da suka tara kaset na bukukuwa da naɗin sarauta waɗanda ba a taɓa watsawa ba. Abin da ya rage shi ne aikin tantancewa, kuma Katsina tana da inda za a yi shi: akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, akwai sashen da ke koyar da Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, akwai gidan rediyon jiha da ma'ajiyarsa. Aikin ba ya wuce a ɗauki kowace rerawa a mai da ita sautin kwamfuta daga mafi kyawun kwafin da ya saura, a rubuta wanda aka yi wa ita, da garin da aka yi ta, da shekarar ko zamanin sarkin da ke kan gado, da sunayen makaɗan da suka riƙe kalangu da 'yan amshin da suka karɓa, a kuma rubuta matanin da bayanin mutanen da aka ambata. Mafi yawan wannan bayani yana bakin sauran 'yan amshi da masu kiɗa da iyalan waɗanda aka yi wa waƙoƙin a Musawa da Funtuwa da Bakori da Daura, inda aka binne Shata, kuma tattaro shi aiki ne da ɗaliban digiri na biyu za su iya rarrabawa tsakaninsu, gari gari, cikin 'yan shekaru kaɗan idan hukumomin nan uku suka amince su buɗe ma'ajiyoyinsu ga juna.